Mataccen da Ya Roƙe Mu Gurasa a Luksor

Tashi daga unguwar Madain Fahd, Jidda

Ba a kira assalatu ba muka fito daga gida, ni da jikata Ihsan, ubanta na biye da mu yana jan akwati. Ubanta ɗana ne na fari, ba na kama sunansa, kun dai san shi, mai tuƙa motar ɗaga kaya a sito can Madinar Masana'antu. Ya kai mu har tashar bas. Ni kuwa ko kallonsa ban yi ba, don haushinsa nake ji.

Ku matan unguwa da kuke tare ni a bakin kanti kuna cewa Hajiya Kande ba mu labarin Masar, ga shi na rubuta. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in huta. Ba yawon buɗe ido na je ba. Ihsan ce ta gama sakandare ta nemi jami'a a Masar, aka ba ta gurbi a wani gari Luksor, wai za ta karanta mutanen Fir'auna: kaburburansu, gumakansu, rubutunsu. Uban ya ji ya ce ba da shi ba. Yarinya ta daina cin abinci, uwarta ta kama kuka, gida ya koma kamar an yi rasuwa. Ƙarshe ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Inna, ke ce babba. Ki je ki gani da idonki. In kin ce ta tafi, ta tafi. In kin ce a'a, halas, magana ta mutu."

Na ce, "Wato ka sauke kayanka ka ɗora wa tsohuwa."

Ya sunkuyar da kai. Ai gaskiya ce. In na ce e, yarinya ta je ta dawo ba salla ba salati, ni za a tsayar ranar gobe. In na ce a'a, na san ciwon. Ni sai da na yi jikoki na san baƙi, a ajin mata na masallacinmu, har yau kuma sai na ɗora yatsa na faɗa da baki sannan in gane abin da ke takarda. Ban iya karatun nan na shiru da yara ke yi ba.

Kafin tafiyar na je unguwar Sharafiyya wurin wani malami ɗan ƙasarmu na tambaye shi. Ya ce shiga kaburburan ba haram ba ne, amma wuraren mutanen da aka yi wa azaba ba a shigarsu ana dariya, sai dai ana kuka. Ni kuwa kun san idona, busasshe ne, ba ya kawo ruwa don an ce ya kawo. Sai na jefa albasa uku a jaka.

Jidda zuwa Duba

A tasha muka yi asuba, bas ta tashi gari na wayewa. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, teku a hagu, duwatsu a dama. Muka wuce Rabig, muka tsaya Yanbu aka yi azahar aka ci shinkafa da kaza mai sanyi. Sau biyu 'yan sanda suka hau suka duba iƙama, wato katin zaman ƙasa, da takardar fita da dawowa. Duk sanda suka hau sai na ƙanƙame jakata, alhali takarduna lafiya lau. Sabo ne, shekaru da yawa a ƙasar mutane.

Direban Bamisre ne mai ƙaton ciki da surutu. Da muka sauka shan shayi ya ce, "Ya Hagga, Masar magani ko ziyara?"

Na ce, "Fir'auna za ni gani."

Ya ce, "Wanne daga ciki?"

Na ɗauka iskanci yake mini. Na juya wurin Ihsan, ta ce, "Wallahi ya Habboba gaskiya ne. Fir'auna mu suna ba, yani kamar a ce sarki. Su yawa ne, wannan ya mutu wannan ya hau, shekara dubbai." Haka Hausarta take, rabi a karye rabi Larabci, a Jidda aka haife ta, ko kaka ma Habboba take ce mini. Ta ce wanda ya yi da Annabi Musa guda ne a cikinsu, kuma masu binciken ma ba su haɗu a kan ko wanne ne ba.

Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Ni da nake tsoron mutum ɗaya, yanzu an ce mini zuri'a ce guda.

Bayan magariba muka shiga Duba, ƙafafuna sun kumbura kamar tulu.

Kan teku

Mun daɗe a zaune a tashar jirgin ruwa, tsakanin ma'aikatan Masar masu komawa gida da barguna da fankoki a ɗaure. Da aka buɗe ƙofa sai turereniya, kowa na yalla yalla. Wani ya take mini ɗan yatsa na zage shi da Hausa, ya ce amin.

Jirgin gida ne guda, hawa kan hawa. Aka ba mu kujeru a ɗakin mata. Da ya fara lilo sai na tuna wane teku ne wannan. Na kama hannun Ihsan na ce, "Ke, a nan fa aka nutsar da Fir'auna. Ta kansa muke wucewa."

Ta ce, "Can sama ne, ya Habboba, nesa."

Na ce, "Ruwan ai ɗaya ne."

Ban leƙa taga ba ko sau ɗaya. Na yi amai sau biyu, na ja carbi har hantsi, sannan aka ce ga Safaga.

Safaga zuwa Luksor

A kwastan wani mai gashin baki ya buɗe jakata ya ciro albasa ya ɗaga sama. Ya ce, "Ya Hagga, an gaya miki babu albasa a Masar?" Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Na ce tawa ce, mayar mini da abata. Ya riƙe biyu ya bar mini ɗaya.

Muka shiga ƙaramar mota irin mai cin mutum goma sha. Duwatsu ne tsirara, ba itace ba tsuntsu, zafi kamar an buɗe murhu. Sai da muka kusa Kina, kwatsam ƙasa ta koma kore: rake, dabino, jakuna, yara a bakin magudanar ruwa. Sannan ga Nilu. Ni a bakin Nilu aka haife ni, can wajen Sinnar, rabona da shi tun kafin a haifi uwar yarinyar nan. Na zuba masa ido. Ihsan ta ce mutanen dā da ambaliyarsa suke noma, in ya cika ya janye ya bar baƙar laka su shuka. Na ce wannan ba sai an je jami'a ba, ubana haka ya yi.

Da la'asar muka sauka a gidan wata Ummu Hamada, bazawara ce mai ba 'yan mata ɗalibai haya, inda Ihsan za ta zauna in an bar ta. Ban ko ajiye mayafi ba na fara bincike. Na murɗa makulli, na leƙa banɗaki, na hau soro na ga ko ana iya tsallakowa daga maƙwabta, na tambayi wa ke hawa benen nan in ba mace ba.

Ta ce, "Mai kawo tukunyar gas, kuma ina tsaye a kansa da muciya."

Na ce mu je zuwa. Ta kawo miyar lalo, su mulukiya suke ce mata, da wani burodi mai kauri da suke shanyawa a rana kafin su gasa. Na ci na ƙoshi. Gida dai ban same shi da laifi ba, kuma sai na ji haushin hakan, don da na samu da na huta.

Da yamma muka fita. A tsakiyar gari, gefen titi da motoci da masu keken doki, ga ginin gumakan nan tsaye. Sarakuna na dutse a zaune, hannu a gwiwa, ƙafar ɗaya ta fi ni tsawo. Na sunkuyar da kai ina a'uziyya. Sai na ji kiran salla daga samansu. Ashe masallaci ne aka gina a bisa ginin, tun zamanin da yashi ya binne shi. Muka hau muka yi magariba. Na idar na leƙa ƙasa, ga kawunan gumaka a ƙarƙashin ƙafata. Ban san abin da zan yi da wannan ba, sai na ajiye shi.

Hayin yamma, wurin sarakuna

Da sassafe muka hau kwalekwale mai inji muka haye Nilu. Ihsan ta ce mutanen dā a gabas suke zama, a yamma suke binne matattu, inda rana ke faɗuwa. Mota ta kai mu wani kwari tsakanin duwatsu farare, ba ɗigon inuwa. A nan sarakunan suka haƙa ramukansu suka ɓoye don kada ɓarayi su gani. Ɓarayi kuwa suka gani, kusan duka aka kwashe tun zamanin, sai na wani sarki yaro da aka samu da zinariyarsa.

A bakin rami na farko na tsaya na juya baya, na ɓare albasa da farce a cikin mayafi na kanga a ido. Ihsan ta ce, "Habboba, ish haza, mene wannan?" Na ce ta yi ta kanta. Hawaye ya zo sosai, har da majina. Na shiga ina lalube. Mai gadin wurin ya gan ni ya taso da gudu da kujera, yana cewa ko ciwon zuciya ne, a kira mota. Wasu Turawa suka tsaya suna kallona, wata ta miƙo mini ruwa. Warin albasa ya cika kabarin sarki. Ihsan ta rufe fuska da hannu ta ce da ta sani da ba ta zo duniya ba. Na ce ai sai ki koma.

Da idona ya washe na duba. Rami ne mai gangara, ya yi zurfi cikin dutse, bango duk zane, fenti kamar jiya aka shafa. Sama shuɗi da taurari. Mutane masu kan kare, masu kan shaho, macizai masu ƙafa. A can ƙarshe akwatin dutse ne wanda sa zai kwanta a ciki, ba kowa.

Na ce, "Ina mai shi?"

Ta ce an kai shi Alƙahira an sa a gilashi. Ta ce in sarki ya mutu sai su farke shi su cire kayan ciki, su binne shi cikin kanwa har ya bushe, su naɗe da ƙyalle, wai don ransa ya dawo ya gane jikinsa. Na ce kanwa? Wadda muke sa wa wake? Ta ce irinta. Na ce to, duk mulkin nan ƙarshensa kilishi.

Na lura da ita sosai, don abin da ya kawo ni ke nan. Yarinyar da a gida sai an yi da gaske take buɗe baki, a nan ba ta yin shiru. Ta nuna mini gidan wata mace da ta yi sarauta har tana ɗaura gemun ƙarya, ta nuna inda wanda ya gaje ta ya sa aka kankare hotunanta. Idonta na walƙiya. Ina jin daɗi ina jin tsoro, don abin da mutum ke so haka shi ke iya tafiya da shi.

Kabarin mai rumbu

Bayan azahar ta ce saura wuri ɗaya, ba na sarki ba ne, na wani ma'aikaci ne mai kula da rumbunan hatsin sarki. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin tudu, wani dattijo mai rawani ya buɗe mana da makulli. Wannan kam na saki jiki. Ba dodanni da yawa. Ga masu girbi, ga masu sheƙa, ga mace a durƙushe kan dutsen niƙa yadda uwata ke yi. Ga kwando cike da goruba. Ga wasu 'yan mata biyu sun ajiye kala suna jan gashin juna, ga wani malalaci yana barci a gindin itace ana aiki. Na yi dariya na ce wannan na san jikansa, yana Sharafiyya. Sai na tuna an ce ba a dariya, na yi istigfari.

Dattijon ya ga Ihsan na bin rubutun bakin ƙofa da ido, tsuntsaye da idanu da ƙafafu a jere. Ya ce, "'Yata, kin iya ne?" Ta ce kaɗan, a waya ta koya. Ya ce to karanta mu ji.

Ta gyara tsayuwa ta fara. Ba Larabci ba, ba Turanci ba, wani harshe mai kaushi daga maƙogwaro, a hankali, tana kai ƙarshen layi tana sauke murya. Ɗakin ya amsa. Na san wannan saukar muryar, ba labari ake bayarwa da ita ba.

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Kalam ne na mai kabari. Yana faɗa ma mutane masu wucewa su ce a ba shi gurasa dubu, giya dubu, shanu, tsuntsu. Su suna gani in an faɗa da baki, yana samu a can."

"Wa zai ba shi?"

Ta nuna mai kan kare a bango.

Na ce, "In an faɗa da baki."

"Aiwa, haka ne."

"Ke kuma yanzu da me kika faɗa? Da ƙafa?"

Na damƙi hannunta na ja ta waje, har dattijon na bin mu da takalminta. Mutumin nan ya kafa tarkonsa a bakin ƙofa shekara dubbai yana jiran mai karatu, jikata ta zo ta roƙa masa giya a wurin gunki, ni ina tsaye ina riƙe mata jaka. Na ce, "Halas. Na gani. Gobe mu nemi mota."

Gidan Ummu Hamada

Muka haye ruwa muka koma masauki. Muna shiga ɗaki ta fashe. Ta ce ita ba roƙo ta yi ba, karantawa ta yi. Na ce ni ban san bambancin ba, abin da bakina ya faɗa ni na faɗa, mala'iku ba sa tambaya ko daga bango na kwaso. Ta ce da Larabci, don in ranta ya ɓaci Hausar guduwa take, "To ke fa? Surar nan da kike so, kike ja mana kullum da magariba, ba a ciki Fir'auna ya tara mutanensa ya ce shi ne ubangijinsu ba? Da bakinki kike faɗa, a kan sallaya. Ke kika ce?"

Na ɗaga hannu. Ban taɓa dukanta ba, ranar ma ban doke ta ba, amma hannun ya tashi. Na ce, "Fita ki ba ni wuri, marar kunya." Ta fita ta hau soro.

Magariba ta yi. Surorin da na haddace ba su da yawa, da wahala na same su, ɗaya bayan ɗaya, ina tsohuwa. Na kabbara, bakina ya nufi waccan don ita ya saba, na janye shi na ja wata gajera. Na sallame na zauna. Maganar 'yar banzar nan ta ƙi fita daga kaina. Shekara nawa ina faɗin maganar mutumin nan da ta fi kowace magana muni, ban taɓa jin na yi saɓo ba. Don me? Na bi surar a hankali da yatsa a kan cinya. Sai na ga dalili. Yana gama faɗin tasa, nan take aka ba shi amsa, aka kama shi. Ba a bar maganarsa ta tsaya ita kaɗai ba.

Ummu Hamada ta shigo da shayi ta ce yarinya na sama ta ƙi cin abinci. Ta ce, "Ya Hagga, mu a kan matattun nan aka haife mu, kakata a cikin kabarinsu take ajiye kaji, ba wanda ya bar salla."

Na ce, "Kakarki ta iya karanta bangon?"

Ta ce a'a.

Na ce, "To kajin ma ba su iya ba."

Komawa hayi

Da safe na ce wa Ihsan ta sa takalmi. Ta ɗauka tasha za mu, ta jawo akwati. Na ce ajiye, wurin mai rumbu za mu koma. Dattijon ya gan mu ya yi murmushi, na ce ya buɗe ya tsaya waje.

Na tsayar da ita a gaban rubutun. Na ce, "Faɗa mini abin da ya ce, kalma kalma. Ba da harshensa ba, ba da Larabci ba. Da Hausa, inda ba za ki iya ɓoye mini komai ba."

Ta sha wuya. Tana farawa tana tsayawa tana neman kalma, ina miƙa mata. "Ya ku masu rai... a kan ƙasa... waɗanda za su wuce ta wannan kabari... in kuna son rai, kuna ƙin mutuwa... in kuna so yaranku su..." Na ce su gaje ku. "Su gaje ku. Ku ce gurasa dubu. Ba zai rage muku komai ba. Iska ne na baki kawai."

Na tsaya ina kallon hotonsa. Ga shi a zaune da sanda da farin zane, matarsa ta dafa masa kafaɗa, duk hatsin ƙasa ta hannunsa yake bi. Da Hausa kuwa sai na ji muryarsa sarai. Na san ta. Ita ce ta masu zama a bakin masallaci ranar Juma'a.

Na ce, "Ihsan, wannan ai bara yake."

Ta ce, "Aiwa, ya Habboba."

Na matsa kusa da bangon na ce da ƙarfi, "Bawan Allah, sai haƙuri. Ba mu da shi. Wanda kake aike mu wurinsa ma ba shi da shi. Mai bayarwa ɗaya ne."

Dattijon ya leƙo ya ga da wa nake. Na juyo kan yarinyar, na kama haɓarta yadda nake yi tana ƙarama in ta ci sukari ta ce ba ta ci ba. Na ce, "Dube ni. Jiya da kika karanta, a ranki kin ɗauka yana ji?"

Ta ce, "La, a'a."

"Kin ɗauka ya samu gurasar?"

Ta ce, "Ba ya samu komai, Habboba. Shi ya sa nake jin tausayi. Ya rubuta, ya jira, ba kowa. Ni ina so na sani me suka ce, bas, shi ke nan." Idonta ya kawo ruwa, bai kauce daga nawa ba.

Na sake ta. Ta ce, "To me za ki ce ma Baba?" Na ce wanda ya aiko ni shi zan ba amsa.

Dawowa

Hanyar da muka bi muka komo: Kina, duwatsu, Safaga, jirgi. Wannan karon tekun ya kwanta, ni ce ban kwanta ba. Ina ta aunawa. Na ga idonta, amma idon yau ne. Shekara huɗu tana karanta bangon nan kullum, ba ni a kusa, wa ya san abin da zai shiga? Ita kuma tana gefena ta zama kamar marainiya, tana ɓare mini lemo, tana gyara mini mayafi, ba ta tambaya. A Duba ɗan sanda ya juya iƙamata ya daɗe yana kallo, ban ko damu ba, abin da ke raina ya fi shi.

Bayan isha bas ta shiga Jidda. Uban na tasha. A mota bai tambaya ba. Sai da muka isa gida na wanke ƙafa na zauna, uwar ta tsaya a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, shi ya tsuguna inda ya tsuguna ran farko.

Ya ce, "Inna, to?"

Na ba shi labari duka, har na bakin ƙofar kabari, ban rage ba. Da na kai wurin giya ya ɗago ya harari 'yarsa. Na ce, "Ni kake saurare ko ita?" Ya mayar da kai.

Na ce, "Akwai gumaka, ba ƙarya. Akwai abin tsoro. Ta tafi. Amma ga sharaɗina, kuma da ita nake. Duk ranar da aka sa ki karanta roƙon mutanen nan da baki, in kin gama ki ba shi amsa, ko a ranki ne. Kada ki bar maganarsu ta zama ta ƙarshe. Kuma duk Juma'a ki kira ni ki faɗa mini abin da kika karanta, da Hausa. Ranar da na ji kin fara ɓoye mini a cikin Larabci, zan hau jirgin nan in zo in ɗauko ki, ko zan amayar da hanjina."

Ta faɗo jikina tana kuka, uwar ta saki ludayi. Shi bai motsa ba. Ya ce, "Inna, in ta lalace fa?"

Na ce, "A wuyana."

Na faɗa, kuma na san nauyin abin da na faɗa. Ta tafi, Ummu Hamada ta karɓe ta. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa matar nan da dattijon mai makulli, da ku da kuka leƙa mini gida. Wadda ta karanta wannan ta sa yarinyar a addu'a, ta sa ni ma, don ni na sa hannu.